Idan Fitsari Ya Fara Kufce wa Tsoho a Gida

A gidaje da yawa ba a fara gane matsalar da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Abin da ake fara gani shi ne Inna ta daina shan ruwa tun daga la'asar, ko Baba ya soma kawo uzuri duk lokacin da aka kira sallar jam'i, ko kuma zani da ake wankewa da asuba a shanya a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa. Kafin iyali su ankara zarni ya kama katifa, sai kuma a rufe zancen da cewa ai tsufa ne. Wannan furuci shi ke jawo yawancin wahalar da ke biyo baya. Gaskiya ne shekaru na raunana mafitsara, amma kufcewar fitsari alama ce kamar zazzaɓi: tana da dalili a bayanta, kuma da dama daga cikin dalilan ana iya kawar da su ko a rage ƙarfinsu.

Wanda ya lura da yadda fitsarin ke zubowa ya yi rabin aikin likita. Tsohuwar da take ɗigarwa idan ta yi tari, atishawa ko dariya, galibi tsokokin ƙasan mararta ne suka saki, sau da yawa saboda yawan haihuwa. Irin wannan na samun sauƙi da motsa tsokar da likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948, wato a matse tsokar riƙe fitsari na 'yan daƙiƙu a saki, sau goma, sau uku a rana, har tsawon wata uku. Dattijon da ke daɗewa a bayi, fitsari na fita siriri, sannan ya riƙa ɗiga a wando, ana zargin furostet ɗinsa ce ta kumbura ta matse hanya, mafitsara ta cika ta tumbatsa. Akwai kuma wanda mafitsararsa lafiya lau, ƙafa ce ba ta kai shi masai da wuri saboda ciwon gwiwa, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon mantuwa. Sannan ga abubuwan da ake rainawa: cutar hanyar fitsari, taurin bayan gida, ciwon sukari da bai daidaita ba, maganin hawan jini mai sa fitsari, da shayi da goro, waɗanda sinadarin da ke cikinsu ke zaburar da mafitsara. Macen kuwa da fitsari ke bin ƙafarta dare da rana tun wata doguwar naƙuda, yoyon fitsari ne, aikin tiyata ne, kuma akwai cibiyoyinsa irin ta Babbar Ruga a Katsina.

Wani zai ce tunda ruwa ke zama fitsari, a rage ruwan mana. Wannan dabara tana komawa kan mai ita. Fitsari mai kauri ya fi ƙona mafitsara, ya fi zarni, ga taurin ciki, kuma a zafin bazara ƙishirwa na iya ruɗar da tsoho har ya faɗi. Sai dai idan likita ya taƙaita saboda ciwon zuciya ko ƙoda, a bar shi ya sha kusan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, a janye kawai awa biyu kafin kwanciya. Gidan ne ya kamata ya canza. A kai shi bayi duk bayan awa biyu ko uku ba tare da jiran ya roƙa ba, a ajiye fo da buta da fitila kusa da gado, a sauya mazagi mai wuyar kwancewa da wandon roba, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado.

Wani kuma zai kawo zancen tsada, kuma gaskiya ne, don famfas na manya ba kowane gida ke iya sayensa kullum ba. Tsohon zani na auduga da aka ninka, aka wanke da sabulu aka shanya a rana, yana aiki, muddin ana sauya shi da zarar ya jiƙe. Laifin yana ga barin fata cikin danshi, ko da kuwa a famfas mai tsada ne. A wanke wurin da ruwa mai ɗumi, a tsane shi a hankali ba da gurzawa ba, a shafa Vaseline, sannan wanda ba ya tashi a riƙa juya shi duk awa biyu kada gyambo ya ɓullo a ƙugu. Robar fitsari kuwa, da wasu ke nema don a huta da wanki, tana buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Likita ne kaɗai ya dace ya yanke shawararta.

Saura kunya, wadda ita ce ta fi nauyi. Dattijon da ya raine ka ba ya son ka ga tsiraicinsa, don haka namiji ya kula da namiji, mace da mace inda hali ya yi, a saki labule, kada a yi tsaki, kada a bar jikoki su mayar da abin wasa. Wanda ke jin sallarsa ta lalace a tuna masa cewa malamai sun daɗe da yin bayanin salisul bauli, wato kufcewar fitsari. Littafin Risala ya ambaci cewa an so mai shi ya yi alwala ga kowace salla, kuma ba a ɗauke masa sallar ba.

Ku kai tsohon asibiti a gwada fitsari da sukari, ku tafi da duk magungunan da yake sha. Idan kun ga jini a fitsari, zazzaɓi, ruɗewa ta farat ɗaya, ko mara ta kumbura fitsari ya ƙi fita, kada ku kwana da shi a gida.