Waken Samaru da Shakkar Manomi

Tun shekarar 2019, sa'ad da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda masana suka dasa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa domin ya kashe tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, muhawara ba ta lafa ba.

Manomin Khaddamari, hedikwatar ƙaramar hukumar Jere da ke kusa da Maiduguri, wanda ya saba feshi sau shida ko fiye kafin girbi, ana ce masa wannan iri feshi biyu ya ishe shi. Sai dai yana da hujjar tambaya: shin cinsa ba ya cutar da jiki, kuma irin kakanni ba zai ɓace ba?

Hukumar NBMA mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, wadda aka kafa a 2015, ta ba da izinin noman wannan wake, amma izini a takarda ba ya kawar da shubuha daga zukata. Wajibi ne masana su sauko gona da kasuwa, su yi bayani da Hausa da Kanuri, domin abinci amana ne, jama'a kuwa suna da haƙƙin sanin abin da suke ci.