Sifanar araha: abin da lambobin jikinta ke nufi

A 1977 Eric Smidt da mahaifinsa Allan suka fara sayar da kayan aiki masu rahusa a jihar Kalifoniya ta Amurka. Yau kamfaninsu, Harbor Freight, yana da shaguna fiye da 1,500 a ƙasar. A Turai kuwa, Lidl mai shaguna sama da 12,000 yakan jera sifana da filaya masu tambarin Parkside a tsakiyar shago, kusa da burodi da madara, Aldi ma yana yin haka da nasa tambarin. A ɗaya ɓangaren akwai irin su Snap-on, wanda aka kafa a 1920, wanda dillalansa ke bin gareji-gareji da mota suna kai wa kanikawa kaya, galibi bashi, ana biya mako-mako. Hannun soket mai ƙas-ƙas, wato racet, ana samunsa ƙasa da dala 30 a shagon rahusa, na Snap-on kuwa ya haura dala 100. Dukansu ƙarfe ne mai sheƙi, dukansu suna kwance noti. To ina bambancin kuɗin yake shiga? Rabin amsar tana rubuce a jikin kayan, cikin lambobin da mai saye ba ya tsayawa ya karanta.

130: yawan guda a akwati

Lambar da aka fi rubutawa da manyan baƙi ita ce ta yawan kayan da ke cikin akwati, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. Mai shiryawa yana ƙirga kowane ɗan bakin sukundireba, kowane alanki, a matsayin guda ɗaya daidai da racet. A ce akwati mai guda 130 ne, a ciki akwai bakunan sukundireba 40 da alanki 30. Saura 60 ke nan. Idan kuma an raba soket gida biyu, na milimita da na inci, kamar yadda aka saba a kasuwar Amurka, mai gyaran motar Japan rabin sauran kawai zai taɓa.

Abin da bakanike ke ɗauka kullum bai kai goma ba. A motocin Japan, soket masu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19 su ne aikin, sai 21 na notin tayar Toyota. Motocin Turai sun fi son 13, 16, 17 da 18, domin ƙa'idar kan noti ta bambanta: bol mai kaurin milimita 8 kansa 12 ne a tsarin Japan, 13 ne a tsarin Jamus. Akwatin araha yakan tsallake wasu lambobi don rage kuɗi, kuma sai ranar da aka zo kan notin 18 ake gane babu ita. Saboda haka raba farashi da 130 yaudarar kai ne. A raba shi da yawan abin da za a yi aiki da shi.

Cr-V: sunan ƙarfe, ba shaidar ƙarfinsa ba

Kusan kowace sifana, ta dala biyu da ta dala arba'in, an buga mata Cr-V. Ma'anarsa ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyom da banadiyom. A nau'in da aka fi sani, mai lamba 6150, kabon wajen kashi 0.5 cikin ɗari ne, kuromiyom wajen kashi 1, banadiyom kuma kashi 0.15 ko ɗan sama. Sauran kusan duka baƙin ƙarfe ne. Wannan ɗan gauraye ba shi ne ke cin kuɗi ba, shi ya sa masana'antar araha ma ke iya sayensa.

Abin da ke cin kuɗi shi ne abin da maƙera suka daɗe da sani: yadda aka gasa ƙarfen, aka tsoma shi ya huce, aka sake ɗumama shi don kada ya yi gautsi. Ana auna sakamakon da ma'aunin Rockwell, ana rubuta shi HRC, inda ake danna tsinin lu'ulu'u a jikin ƙarfe da nauyin kilo 150 a ga zurfin da ya shiga. Sifana mai kyau tana faɗawa wajen 40 zuwa 50, domin ana so ta ɗan lanƙwasa kafin ta karye. Bakin sukundireba na ƙarfen S2 yakan kai 58 zuwa 62. Bakin yanka na filaya mai inganci yana haura 60. Idan gashin ya gaza, alamar a fili take: a yanke waya mai tauri sau biyu, a ɗaga filayar ga haske, za a ga ɗan gurbi a bakinta inda wayar ta ci ta. Idan kuma ya wuce kima, bakin sukundireba ba zai murɗe ba, ɓallewa zai yi ya bar guntu a kan sukurun.

Nan ne asirin kayan araha yake. Matsalarsu ba a ce kullum marasa kyau ne ba, rashin daidaito ce. Babban kamfani yana biyan masu duba kaya yana zubar da wanda ya kauce. Ƙaramar masana'anta tana tura kowa kasuwa, sai sifana biyu daga kwali ɗaya su fito, ɗaya ta yi shekara goma, ɗaya ta buɗe baki a mako na farko.

13.04 zuwa 13.24: faɗin bakin sifana

Sifanar da aka rubuta wa 13 ba ta zama milimita 13 cif, don in ta zama haka ba za ta shiga noti ba. Ƙa'idar ISO 691 ta ba ta damar kasancewa tsakanin 13.04 da 13.24. Ratar duka kashi biyu ne cikin goma na milimita, kaurin takarda biyu ke nan. Shi kansa notin yakan ɗan gaza 13. Idan sifana ta fito a 13.4, ko ta buɗe ta kai haka bayan an taka ta da ƙafa, ba za ta ƙara kama gefen noti ba, kusurwoyinsa shida za ta riƙa ci. Da farko za a ji ta yi laushi a hannu kamar notin ya motsa, alhali bai motsa ba. A ja na biyu sai ta kufce, yatsu su daki injin, kan notin ya koma kamar kwabo. Aikin minti biyar ya zama na kurfi da guduma, ko na mai walda.

Haka ma cakuɗa inci da milimita. Rabin inci milimita 12.7 ne, don haka sifana 13 a kansa ta yi masa yawa da 0.3 tun kafin a ƙara ratar ƙa'ida. Amma 3/4 na inci 19.05 ne, 5/16 kuma 7.94, waɗannan suna zama da 19 da 8 lafiya lau. Gwajin sifanar araha bai fi na minti ɗaya ba: a je shago da sabon noti, a sa ta a kai, a girgiza.

72: haƙoran racet

Wannan lamba lissafinta a buɗe yake. A raba 360 da yawan haƙora, a sami digirin da hannu zai motsa kafin ya kama haƙori na gaba. Mai 36 yana bukatar digiri 10, mai 72 digiri 5, mai 90 digiri 4. A lungun injin motar zamani, inda hannu ba ya iya kaiwa da komowa, 5 da 10 ba ɗaya ba ne. A da kayan manya ne kawai ke da 72, yanzu ya zama ruwan dare a shagunan rahusa, kuma yana cikin wuraren da mai ƙaramin ƙarfi ya ci riba sosai. Sai dai racet ba sandar ɓalle noti ba ce. Mai tsada da mai araha duk haƙoransu na zubewa idan aka zura musu bututu aka hau.

Kashi 4 cikin ɗari: kayan awo

Sifanar auna ɗauri, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai ƙarfin da aka saita, tana ƙarƙashin ƙa'idar ISO 6789. Irin wadda ake aikin mota da ita an yarda ta kauce da kashi 4 cikin ɗari sama ko ƙasa. Notin tayar Corolla niyuton-mita 103 yake so, wato daga wajen 99 zuwa 107 duk daidai ne. Masu araha da yawa suna fitowa daga kwali a cikin wannan iyaka. Abin da ba a faɗa a kwali shi ne ƙa'idar ta ce a sake gwada ta bayan wata 12 ko amfani 5,000, kuma galibi daidaitonta daga kashi 20 cikin ɗari na ma'auninta zuwa sama yake. Mai kaiwa 200 ba a yarda da ita a ƙasa da 40. Kuɗin kai ta gwaji kan kai kuɗin sabuwar mai araha, shi ya sa kusan babu mai kai ta, ana ta aiki da ita a kan zato.

Tef ɗin awo ma yana da aji, an rubuta shi da I, II ko III kusa da farkon tef a tsarin Turai. A tsawon mita 5, aji na ɗaya kuskurensa bai wuce milimita 0.6 ba, na biyu 1.3, na uku 2.6. Yawancin na kasuwa aji na biyu ne, kuma ya ishi kafinta da magini. Wanda babu aji a jikinsa, babu alkawarin da aka yi wa mai shi. Idan mai awo da mai yanka kowa da tef ɗinsa, a haɗa su biyun a gani kafin a taɓa katako.

1,000 da miliyan 1.7: inda araha ke taɓa rai

Filaya ko sukundireba na aikin wuta yana ɗauke da 1000V da alamar alwatika biyu, da lambar IEC 60900. Ƙa'idar ta ce a gwada kowane guda ɗaya da folt 10,000 kafin a yarda a yi aiki da shi a 1,000. Jar roba a hannun filaya ba ita ce wannan ba, ta jin daɗin riƙo ce kawai.

Matokarin mota, ƙafar ƙarfen da ake ɗora mota a kai bayan an ɗaga ta da jak, shi ya ba da darasi mafi girma. A 2020 Harbor Freight ya janye kimanin miliyan 1.7 na tambarin Pittsburgh, masu tan 3 da masu tan 6, domin harshen da ke riƙe haƙoran sandar yana iya kufcewa mota ta faɗo. Dalilin da aka bayar shi ne kayan ƙira na masana'antar sun tsufa, haƙoran suka daina fitowa da zurfin da ya kamata. Bayan 'yan watanni aka sake janye wasu daga cikin waɗanda aka ba mutane a madadinsu, saboda matsalar walda. Rashin daidaiton da ke ɓata kan noti, shi ne dai a nan, sai dai mutum ne a kwance a ƙarƙashi.

Lambar jikinsa ma tana bukatar fassara. A Amurka tan 3 na nufin abin da guda biyu za su ɗauka tare, kuma tan ɗinsu kilo 907 ne. Kowane ɗaya ke nan wajen kilo 1,360.

Garanti, da lissafin wanda zai yi aikin

Harbor Freight yana ba da garantin har abada a kan kayan hannu na Pittsburgh: ta karye, a kai shago a karɓi sabuwa. Dokar Tarayyar Turai kuma ta ba mai saye shekara biyu. Garantin har abada dabara ce ta kasuwanci da kamfanin Sears ya shahara da ita a kan Craftsman, tambarin da ya fito a 1927, wanda Stanley Black & Decker ya saya a 2017 a kan kimanin dala miliyan 900. Ya fi wa kamfani sauƙi ya musanya 'yan kaɗan da aka dawo da su a kan ya gwada kowace sifana. Garanti ba ya cewa kaya ba zai karye ba, cewa yake yi asarar ba ta mai saye ba ce.

Yanzu a yi lissafi. A ce racet ɗin araha dala 20 ne, mai tsada 140. Maigida da ke taɓa shi sau goma a shekara, cikin shekara goma ya yi amfani da shi sau 100. Kowane amfani ya tsaya masa santi 20 da mai araha, dala 1.40 da mai tsada, kuma da wuya ya gajiyar da ko ɗaya. Bakanike mai ɗaukarsa sau 30 a rana, kwana 300 a shekara, ya yi 90,000 a shekara goma. Ratar dala 120 a kan wannan adadi ba ta kai santi ɗaya ba, alhali a gareji da dama na Amurka kuɗin aikin awa ɗaya ya haura dala 100. Noti ɗaya da ya lalace ya cinye ratar. Kowannensu ya yi daidai idan ya sayi nasa.

Irin waɗannan kayan araha, yawancinsu ƙirar Sin, su ne a kasuwannin Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Katako ta Yamai. Ƙarfen yana tsallako teku, garantin kuwa ba ya biyo shi. In sifana ta buɗe baki, mai ita ne zai sake sayen wata, don haka gwaji a gaban mai shago ya fi muhimmanci a nan fiye da can. An ce araha ba ta ado, amma tana aiki idan an san inda za a sa ta. Guduma, alanki, soket da racet na gyaran gida, a saye su da rahusa, wanda ya fara karyewa shi ne ake yawan amfani da shi, sai a maye gurbinsa da mai kyau. Sifanun da ake ci da su kullum, da kayan awo, a ƙara kuɗi a kuma gwada. Abin da zai shiga tsakanin mutum da wutar lantarki, ko tsakaninsa da nauyin mota, a nemi lambar ƙa'idarsa a jiki tukuna, sannan a tambayi farashi.