Mahuta: Yadda Kiristocin karkara ke riƙe da bangaskiya cikin bala'in 'yan bindiga

A daren 20 ga Mayun 2021 'yan bindiga suka kutsa gidan limaman cocin Katolika na St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi. Da gari ya waye aka tsinci gawar Fada Alphonsus Bello, matashi ɗan shekara 30 da 'yan kai, a wata gona kusa da wurin. Abokin aikinsa Fada Joseph Keke, dattijo mai shekara sama da 70, an tafi da shi daji, sai a farkon watan Yuni ya kuɓuta.

Shekara guda bayan haka, ranar 25 ga Mayun 2022, aka kai hari cocin St. Patrick da ke Gidan Maikambo a ƙaramar hukumar Kafur. An sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara tare da wasu mutum biyu, suka yi sama da wata guda a hannun maharan.

A ƙauyukan da ke kewaye da Mahuta, wadda ita ma tana cikin Kafur, tsakanin Funtua da Malumfashi, irin waɗannan labarai na gida ne. Kiristocin yankin mafi yawansu Hausawa ne manoma, jikokin Maguzawan da suka karɓi addinin Kirista, suna sujada a majami'un ECWA da Katolika da wasu ɗariku. Masara da dawa da auduga da waken soya su ne arzikinsu. Tambayar da ke cin zuciyar da yawa daga cikinsu ɗaya ce: idan Allah mai adalci ne, me ya sa mai addu'a ke kwana a daji, mai bindiga kuma yake yawo da shanun da ya kora?

Abin da ya fi rashin ciwo

Rashin ɗan'uwa da sayar da gona don biyan kuɗin fansa suna da zafi, amma abin da ya fi girgiza bangaskiya shi ne rashin hukunci. A yawancin hare-haren, iyalai ba sa ganin an gurfanar da kowa a kotu. A 2019 gwamnatin Aminu Bello Masari, wanda shi ma ɗan Kafur ne, ta yi sulhu da 'yan bindiga, sulhun bai ɗore ba. A 2025 ƙananan hukumomi da dama a Katsina sun sake zama da su, aka ga hotunan wasu sun halarci taron rataye da makamai.

Wanda ke son komawa gonarsa yana iya maraba da sulhu. Matar da aka kashe wa miji kuwa, ganin an shimfiɗa wa masu bindiga tabarma tamkar fama mata tsohon miki ne. Ita ce kuma za ta shiga coci ranar Lahadi ta ji ana wa'azi a kan gafarta wa maƙiyi.

Ayuba da Habakuk

Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi zuwa Hausa tun 1932, bai ɓoye wannan tambaya ba. Littafin Ayuba, mutumin da Musulmi ma suka sani da haƙuri, ya ba da labarin adali da ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya. Abokansa suka dage cewa lallai akwai zunubin da ya aikata. A ƙarshe abokan aka tsawata wa, shi kuwa Ayuba ba a taɓa faɗa masa dalilin wahalarsa ba.

Wannan darasi yana da nauyi a ƙauye, inda ake saurin cewa bala'i alhaki ne. Idan majami'a ta koyar da cewa sace mutum ba alamar fushin Allah ba ce a kansa, wanda ya dawo daga daji zai iya zama cikin jama'a ba tare da sunkuyar da kai ba. Wannan ya fi shafar mata, waɗanda sau da yawa tsegumi ke biyo su gida.

Annabi Habakuk kuma ƙarar Allah ya kai wurin Allah, yana tambaya har yaushe za a bar zalunci da karkatacciyar shari'a. Ya rufe littafinsa da hoton da kowane manomin Kafur zai gane: gona ba amfani, garke ba dabba, amma mutum bai saki Ubangijinsa ba. Abin da masu bi ke ɗauka daga nan shi ne kuka da tuhuma suna cikin addu'a. Wanda ya daina magana da Allah gaba ɗaya shi ake jin tsoro a kansa.

Gafara ma haka. Koyarwar coci ta bambanta yafewa a zuciya da yafe hukunci. Mutum yana iya ƙin ɗaukar fansa, ya ci gaba da neman hukuma ta yi aikinta.

Hannu da yawa

A aikace, abin da ke riƙe mutane bai tsaya ga wa'azi ba. Baiko na musamman ake tarawa idan an sace ɗan ikkilisiya. Zumuntar Mata ke kai tuwo da itace gidan makoki. Matasa ke yin gayya a gonar gwauruwa don kada damina ta wuce ta. Fada Ojapah, bayan kuɓutarsa, ya mai da hankali ga taimaka wa waɗanda irin wannan tashin hankali ya bar wa tabo a zuciya.

A Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya kafa Dayosis ɗin Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko. Ganin Bahaushe ɗan yankin a wannan kujera ya ƙarfafa wa jama'ar da ta daɗe tana jin an manta da ita gwiwa.

Bala'in bai zaɓi addini ba

Akwai kuma gaskiyar da Kiristocin yankin suka fi kowa sani: maƙwabtansu Musulmi suna ɗauke da irin wannan kaya. A Disambar 2020 an sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandare ta Ƙanƙara. Kwanaki kaɗan bayan haka aka tare 'yan Islamiyya kimanin 80 na ɗaya Mahutar, ta ƙaramar hukumar Dandume, suna dawowa daga Maulidi, kafin a ceto su. A Agustan 2025 an kashe gomman mutane a harin Unguwar Mantau da ke Malumfashi, ciki har da masu sallar asuba a masallaci.

Shi ya sa ta'aziyya ke tsallaka iyakar addini. A nan sau da yawa gida ɗaya ne, wa Musulmi, ƙane Kirista, kuma idan za a haɗa kuɗin fansa ba a tambayar wanda ya kawo inda yake ibada.

Tambayar me ya sa tana nan ba a amsa ta ba. Wasu sun yi sanyi, wasu sun ƙaura zuwa Funtua ko Zariya ko Kano. Waɗanda suka rage, idan damina ta faɗi sukan fita da iri, ranar Lahadi kuma su taru, a karanta sunayen waɗanda har yanzu ke daji, a yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya.