Karyar da ta daina amsa fito

Shekara tara tana bin maigidanta farauta, fito ɗaya ya ishe ta juyowa ko da tana kan sawun zomo. Sai ga shi da rani ta daina. Ya yi fito, ya sake, ita kuwa ta miƙa gaba abinta.

Abokan farautarsa suka ce yaran gida ne suka sangarta ta da ƙanzo da ƙasusuwa, ai ƙosasshe ba ya amsa kira. Aka tsawata wa yaran, amma ba ta sauya zani ba. Wani ɗan boko ya kawo zancen taurin kan ƙuruciya, ya ce a 2020 masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun gano kwikwiyo ɗan wata 8 ya fi ɗan wata 5 bijire wa mai rainonsa. Haka ne, sai dai wannan har furfura ta fito mata a baki.

Uwargida ce ta fara kama bakin zaren. Ta lura babur yakan shigo gida karyar tana barci ba ta ko motsa kunne, amma da an soma daka a turmi kusa da ita sai ta zabura. Ashe girgizar ƙasa take ji.

"To me ya sa a tsakar gida nake mata fito ta zo?" in ji maigidan.

"Malam, sake yi in gani."

Ya yi, ta zo da gudu. Uwargida ta ce ya maimaita, amma ya ɓoye hannunsa a aljihu. Karyar ta tsaya tana kallonsa kawai. Shekara da shekaru yana ɗaga hannu in zai yi fito, bai taɓa lura ba. A daji kuwa ita ce a gaba, ta ba shi baya, ina za ta ga hannu?

Likitan dabbobi ya duba kunnuwan, ba kaska, ba ruwa. Ya ce kurumtar tsufa ce, takan soma wa kare daga shekara 8 zuwa 10, kuma siririyar ƙara irin ta fito ce ke fara ɓacewa.

Sai horo ya koma sabo. Duk sanda ta waiwayo don kanta, ya jefa mata tsokar nama, har waiwaye ya zame mata jiki. Tafin hannu sama, ta zo. Hannu ƙasa, ta kwanta. Da dare kuma tocila yake haska mata sau biyu.