Maganin Da Ke Mutuwa Kafin Ya Isa Ga Majinyaci

Duk wanda ya san Ƙaura Namoda a watan Afrilu ya san zafi kan haura digiri 40. Abin da ya dame ni shi ne irin ɓarnar da wannan zafi ke yi, a asirce, ga wasu magunguna da masana ke kira peptayid, wato gajerun sarƙoƙi na sinadaran gina jiki.

Ɗauki oksitosin, allurar da ake yi wa mai jego don tsayar da zubar jini. Ƙwayoyi 9 kacal suka haɗa ta, kuma ƙa'ida ita ce a adana ta tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan ta kwana a akwatin mota a hanyar Gusau zuwa Shinkafi, ko ta shafe makonni a kantar kyamis, kwalbar ba ta canza kama, ruwan na nan garau, amma ƙarfinta ya ragu. Ungozoma a Zurmi za ta yi allura da zuciya ɗaya, jini ya ƙi tsayawa, a ce kwana ne ya ƙare. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano kusan kashi 74 cikin ɗari na oksitosin da aka gwada a Nijeriya bai cika ma'auni ba. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kabetosin mai jure zafi a wuraren da firiji ba shi da tabbas. A ganina, yankinmu ne ya kamata ya fara samun sa.

Insulin na masu ciwon suga ma ɗan gidan ne: bayan an buɗe shi yakan yi kusan kwana 28 a ɗaki mai sanyi-sanyi. Daskarewa kuwa kashe shi take yi. Inda babu wuta, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa, ta fi aljihun riga nesa ba kusa ba.

Ga ɗalibanmu na sashen gwaje-gwaje a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ƙa'idar ta fi tsauri. Garin peptayid a digiri 20 ƙasa da sifili ake ajiye shi, kuma ba a buɗe kwalbar sai sanyinta ya sake, don kada raɓa ta shiga. Idan an narka shi, sai a rarraba ƙananan kwalabe masu kwanan wata, domin kowane narkewa da sake daskarewa yana cin wani abu daga cikinsa. Wannan duka ya rataya ne a kan wutar da ba ta yankewa, shi ya sa nake cewa a fara sayen sola kafin a yi odar sinadarin.