Abin da Yaro Yake Koya a Aji Ɗaya

Yaron da aka kai aji ɗaya na firamare a ƙasar Hausa, galibi yana ɗan shekara shida, ba da wofin kai yake zuwa ba. Sau da yawa ya riga ya zauna a makarantar allo, ya saba da hadda, idonsa kuma ya saba bin rubutu daga dama zuwa hagu. Saboda haka aikin malami na farko shi ne juya wannan ido da hannu, domin boko daga hagu yake tasowa.

Daga nan sai wasula biyar, a ɗaura musu baƙaƙe su zama gaɓoɓi, wato ba, be, bi, bo, bu. A nan Hausa ta yi wa yaro rangwame, don kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta. Wuyar aikin tana wajen baƙaƙe masu ƙugiya. Wanda bai rarrabe ƙ da k ba, sai ya rubuta kafa alhali ƙafa yake nufi, kuma manya da yawa har yau ba su warke daga wannan ciwo ba. Ƙidaya kuwa da tsakuwa ko karare ake fara ta.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta biyo bayan shirin firamare kyauta na 1976, ta tanadi a soma koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa. Inda aka ƙi bin wannan aka fara da Turanci, yaro yakan rera baƙaƙe kamar waƙa, amma ya kai aji uku a miƙa masa wasiƙar kawunsa ya kasa karantawa.