Biza Ta Karatu Amana Ce

Kowace shekara, idan 'yan aji shida sun gama jarrabawa, mukan ji wasunsu suna zancen tafiya ƙasashen waje neman ilimi. Buri ne mai kyau. Amma ya kamata ɗalibai da iyaye su sani cewa bizar karatu a ɗaure take da makarantar da ta karɓi ɗalibi. Ranar da makaranta ta cire sunansa daga rajista, izinin zamansa ya kama hanyar mutuwa.

Ga yadda abin yake a Ingila. Jami'a ce ke tsaya wa ɗalibi a gaban gwamnati. Idan bai yi rajista ba, ko ya daina zuwa aji har aka sallame shi, wajibi ne jami'a ta sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida cikin kwana 10 na aiki. Daga nan akan rage masa izinin zama zuwa kwana 60, ko ya sami wata makarantar da za ta tsaya masa, ko ya tattara ya koma gida. Mai karatun digiri kuma ba a yarda ya yi aikin kuɗi fiye da awa 20 a mako ba lokacin da ake karatu.

Ba rago kaɗai abin ke samu ba. A watan Mayun 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a farashin gwamnati, amma a Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kuɗin da iyaye suka tanada ya narke a hannunsu. A shekarar 2024 ɗin, ɗalibai 'yan Nijeriya da dama a Jami'ar Teesside suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, aka dakatar da su, aka kai sunayensu ga hukuma, aka ce su bar ƙasar. Daga baya ne aka mai da wasu.

Mu a nan, daga Bichi har Ɗambatta, gona ta yi kaɗan, mutane sun yi yawa. Wanda ya sayar da gonar gado, ko ya jinginar da ita, don ɗansa ya tafi, ba lalle ya sake samun wata ba. Idan yaron ya dawo ba takarda, an yi ba wan ba ƙane.

Saboda haka muna roƙon iyaye su lissafa kuɗin dukan shekarun kafin a ɗaga ƙafa, kada a dogara ga aikin da yaro zai samu a can. Ku kuma ɗalibai, in ciwo ko rashin kuɗi ya same ku, ku je ofishin baƙin ɗalibai tun da wuri, ku faɗi gaskiya. Kunya ba ta biyan bashi. Dattawan ikkilisiya su zauna da iyali kafin a sayar da gona. Ubangiji ya ba mu hikima.